Kyaftin Belchior a Kan Gishirinsa

Duk garin Araritaguaba babu wanda ya san kogin Tietê kamar maƙwabcina, Nhô Belchior, wato Malam Belchior a bakinmu. Shekara ashirin ya yi yana kallonsa ta tagar shagon askinsa. Bai taɓa shiga ba, gaskiya ne, amma kallon masana yake masa, hannu a ƙugu. Da labari ya zo cewa a Cuiabá masu haƙar zinariya sun rasa gishiri, har jarirai na jiran ɗan wanda ake sa musu a baki ranar baftisma, sai basira ta motsa. Ya sayar da shago, ya sayar da gida, ya sayi gishiri buhu-buhu. Matarsa Nhá Quitéria ta koma wurin yayarta, ta ce masa ko ya dawo da gida ko ya nemi wata Quitéria a can.

Ranar tashi ya fito da jar kwat ta wani soja da ya rasu, wadda ta fi shi faɗi da kafaɗa guda. A nan bakin ruwa ya naɗa kansa Kyaftin.

"Ya ku mutanena," ya ce da mu, mu takwas da ya ɗauka tuƙi, "yau daji zai ga mutum."

Dajin bai amsa ba. Mai yiwuwa kwarjini ne ya hana shi.

Kwale-kwalenmu gungumen itace ne guda, dogo, an rarake shi. Kullum hazo ya ɗaga mu shiga, Gervásio mai gaban jirgi ya buga diddige a katako, mu bi bugun da filafilai. Hantsi mu ci waken jiya da garin masara, sauro kuma ya ci mu. Kyaftin yana tsakiya a kan buhunansa, ƙarƙashin rumfa, yana jan ragamar komai. Salon mulkinsa ba shi da na biyu. Sai Gervásio ya karkata jirgi hagu, an gama karkatawa, sannan ka ji murya daga rumfa: "Hagu!" Bai taɓa kuskure ba. Ko sau ɗaya.

A kogin nan, idan an zo gangaren duwatsu, akan sauke kaya a ɗauka a ka ta gefen daji, jirgi ya bi ruwa ba nauyi. Haka kakanninmu suka yi. Haka muka yi a gangare na farko, har Kyaftin ya hango ɗaya daga cikinmu, Anacleto, bayan ya ajiye buhu, yana lasar leɓe.

"Kai! Me kake lasa?"

"Gumi ne, Nhô."

"Zo nan."

Babban mutum ba ya yanke hukunci sai da bincike. Kyaftin ya dangwali kafaɗar Anacleto da yatsa, ya kai baki, ya lumshe ido.

"Gishirina ne. Na gane shi."

Na ce, "Maƙwabci, ai ni ma nawa gumin haka yake, ko za ka ɗanɗana?"

"Kyaftin za ka ce. Kuma kai ma ina lura da kai."

Daga ranar ya kafa doka: buhunsa ba zai sake hawa kan ɓarawo ba. Ƙananan gangare biyu muka wuce da kayan a ciki, ruwa bai taɓa su ba, Kyaftin ya ƙara kumbura har kwat ɗin ta kusa yi masa daidai.

Sai muka iso babban. Tun daga nesa kana jin rurinsa a haƙora. Gervásio ya ɗaure jirgi, ya cire hula.

"Nhô, wannan ba ya wasa. A sauke gishirin. Ubana a nan ya bar ƙafa ɗaya."

"Ubanka ba shi da Kyaftin," in ji Belchior, Zakin Tietê. "Ni zan zauna a kai. Ruwa ya san wanda yake jiƙawa."

Gervásio ya dube mu, ya yi alamar gicciye, ya buga diddige.

Ban san yadda muka fita ba. Na san dai ruwa ya shigo ta gaba, ya shigo ta gefe, dutse ya tsaga cikin jirgin, kuma wani ya yi ta kiran uwarsa da murya irin ta wanzami. Da muka faɗa ruwa mai kwanciya, jirgin ya cika har gwiwa.

"A kai gaɓa, a fitar da buhunan!" Gervásio ya yi ihu.

"Kada wanda ya taɓa!" Kyaftin ya miƙe wuya, ya gyara kwat. "Ku kwashe ruwan kawai. Ni zan yi jawabi."

Muka ɗauki ƙorai. Umarni ne. Ruwa na shigowa ta tsaga, yana ratsa buhuna, mu kuma muna kwasa muna watsawa kogi. Na ɗanɗana ƙorya ɗaya. Gishiri zalla, kuɗin gida yana narkewa: wannan ɗakin girkin Nhá Quitéria ne, na watsar. Ta gaba ina jin zauren ne.

Shi kuwa yana jawabi. Ya yi magana a kan jarunta. Ya yi a kan yadda Sarki a Lisbon zai ji labari. Da ya fara, kansa na taɓa rumfa. Da ya kai kan ragwancin talaka, kafaɗarsa ta yi daidai da tawa. Da ya zo bayanin irin benen da zai gina, gwiwoyinsa sun kai kunne, yana zaune a kan tsumma.

Jawabi ya katse. Ya laluba ƙarƙashinsa. Ya sake lalubawa.

A gaɓa ya tsaya cikin rana. Wandonsa ya bushe, mazaunai suka yi fari fat, kuma abin da ya rage na dukiyar ke nan. Can sai ga malam-buɗe-littafi sun taso daga yashi, rawaya da farare, ɗaruruwa, suka sauka a wurin suna tsotsa. Ya matsa, suka bi shi. Ya yi sauri, suka yi sauri.

Anacleto ya ajiye ƙorya, ya ƙame.

"Kyaftin, ga wasu can suna lasa. In kamo su?"