Golmon da Waya Ta Koya Mini

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban 'yan aji biyar a garin Manga, kusa da Zuru, ina koya musu al'adar gidansu, ni da na tashi a barikin soja a Kaduna, yarenmu na C'lela kuwa iyakata gaisuwa.

Lokacin ina koyarwar gwaji ne, manhajar AI ta wayata ta zama uwar ɗakina. Ita ke tsara mini darasi, ita ke fitar da tambayoyi, a lissafi kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ranar da za a zo duba ni sai darasin ya faɗo kan golmo. Babana, da ya yi ritaya daga soja, na zaune a ƙofar gidanmu a Zuru yana fama da rediyonsa, na wuce shi na tambayi waya (wai kada in dame shi, alhali kunya nake ji ya gane ban sani ba).

Waya ta ce golmo rawa ce ta 'yan mata bayan girbi. Na rubuta a allo, har da ja masa layi.

Sai dariya ta ɓarke a aji. Malam Bawa, dattijon da ya zo ba ni maki, ya cire tabarau.

"Ɗiyata, wa ya hwaɗa miki wanga?"

Na ce bincike na yi.

Ya ce, "Golmo noma ne, saurayi shi yi ma surukinshi kahin a ba shi mata. Tare da ubanki munka yi namu. Damina bakwai ya yi saboda marigayiya uwarki."

Da ƙyar na haye, a ƙasan takardata ya rubuta, "A tambayi gida."

Na tambaya. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce labarin damina ɗai-ɗai zai riƙa ba ni, don in riƙa zuwa. Ya ba ni ta farko, yadda Mama ke kai masa ruwa gona tana yi kamar ba ta san shi ba. Ya ba ni ta biyu. Sai aka tura ni aiki Dirin Daji, kullum ina cewa sai hutu, kafin hutun ya zo, Baba ya rasu. Ina kewarsa sosai.

Har yau ina aiki da manhajar, sai dai na koyi fara tambayar mai tsufa, tunda ita waya caji kawai take jira. Damina biyar ɗin da suka rage kuwa ban tambaye ta ba, don na san ba za ta ce ba ta sani ba.