Cindo da Shan Iska

A garinmu, Tsamiyar Dogo, akwai wani bawan Allah da ake kira Cindo, ƙanen matata Kande. Yana da mata, Ladidi, da 'ya'ya uku, ga uwarsu tsohuwa a gidan. Ba shi da gona, ba shi da tebur a kasuwa. Abin da yake samu a wajena shi ne tuwonsu. Ni kuwa kafinta ne mai rufin kwano. Ba wanda ya koya mini, da ido na ɗauka, haƙuri ne kawai ban ɗauko ba. Cindo ba malalaci ba ne, ba ya sata, ba ya musu. Matsalarsa ɗaya: yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari.

Wata rana muna rufin gidan Malam Barmo, yana sama ina ƙasa. Na ce, "Cindo, sako mini guduma da ƙusa. Mai nauyin ta fara isowa." Sai ya sake su tare, suka dira tare, tim! Ya leƙo ya ce, "Yaya, ba ta fara isowa ba. Miƙo in sake." Kafin in buɗe baki ya sauko ya kwashe su ya koma. Sau bakwai yana saki, sau bakwai suna dira tare. A na takwas gudumar ta sami randar matar gidan. Na zage shi tas, na biya randa. Amma gaskiya a faɗe ta, shekara ashirin ina hawa rufi, sai ranar na san ƙasa ba ta zaɓen babba in za ta jawo abu.

Wata rana kuma na ce ya jefo mini takardar da na rubuta awon katako. Ya sake ta a shimfiɗe. Takarda ta yi ta rangaji kamar mai jin kalangu, ta yi gabas, ta yi yamma, ta tsallake katanga, ta sauka a gaban akuyar maƙwabta. Awon kwana biyu ya tafi cikin akuya.

Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Ba ka ga iska ke tare ta ba? Abu mai faɗi iska tana samun wurin riƙewa! Daga yau duk abin da za ka jefo, ka dunƙule shi!"

"To, Yaya."

Wata rana, ko mako ba a yi ba, kwano ɗaya ya yi saura a kan rufi, sabo fil. Na ce ya turo shi ƙasa. Can sai na ji ƙwanƙwasa, ƙwam, ƙwam, ƙwam. Na ɗauka ƙusa yake ƙarawa. Sai ga wani abu kamar kabewa ya faɗo gabana, ashe kwanon ne ya dunƙule. Cindo ya leƙo yana haki, yana murmushi.

"Ya ba ni wuya, amma ka ga bai kauce ba."

Da na koma gida Kande ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce in duba yaran nan uku. Na ce na duba, saura sau ɗaya.

Wata rana, farkon damina, muna aikin benen wani ɗan kasuwa a bakin kasuwar Laraba. Mun hau da kwano ashirin da biyu, ba a kafe ko ɗaya ba. Na aike shi ya sayo ƙusa, na ce masa uku, wato mai inci uku, ya dawo da ƙusa ƙwaya uku. Kaina ya yi zafi.

"Wallahi na sallame ka! Je ka sha iska!"

Na juya na shiga shago neman ƙusa da kaina. Ban fi minti goma ba sai na ji guguwar hadari ta taso. Kwano in ya tashi ba ƙasa yake yi kai tsaye ba, shawagi yake da kaifi huɗu, ga kasuwa cike da mata da yara. Na fito a guje. Guda biyu da muka jingine gefe sun riga sun tashi, ɗaya ya sare reshen darbejiya kamar an sa adda. Na ɗaga kai ina salati.

Sai ga Cindo can ƙololuwa, ya yi zaman dirshan a kan tulin kwano ashirin, ya rungume katako, ya hangame baki yana fuskantar gabas. Kwanon na ta kaɗawa a ƙarƙashinsa, amma ko ɗaya bai ɗaga ba.

"Me kake yi a nan?"

"Ka ce in sha iska. A ƙasa ba ta da yawa." Ya haɗiye, ya ce, "Yaya, na ƙoshi. In sauko?"

"In ka sauko za ka ga yadda zan yi da kai! Zauna! Ƙara sha!"

Haka ya zauna har na hau na kafe su. Washegari da safe ya zo aiki da hularsa a karkace, ni kuma na tashi da azumin kaffarar rantsuwar da na yi na sallame shi.