Nomau da Halittun da Ido Ba Ya Gani

A wani gari da na taɓa sauka, Dogon Marke ne ko Gajeren Marke, yanzu kam ba zan rantse ba, akwai wata mai daddawa ana ce mata Iya Kuluwa. A zaurenta na zauna wata shekara. Su biyu ne a gidan, ita da autanta Nomau, sai wata akuya wadda maƙwabta ke cewa ta fi Nomau sanin inda duniya ta dosa. Nomau ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Abu ɗaya ke damunsa: yadda aka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari, kuma ba ya mantawa. Rashin mantuwar nan ne ya sa ya ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin lafiya da ke bakin gari. Tun daga ranar Iya Kuluwa ta hana kowa ya ce mata mai daddawa, sai Uwar Likita. In aka koro mata ɗa, ba ta san da wace fuska za ta sake shiga kasuwa ba.

Wata rana malaminsu, Malam Ilu, wani dogo mai saurin fushi, ya fara musu darasin ƙwayoyin cuta. Ya ce halittu ne masu rai, ido ba ya ganinsu, suna jikin ƙofa, suna kan tabarma, suna tafin hannun kowa. "Saboda haka," in ji shi, "duk abin da kuka taɓa, ku wanke hannu da sabulu." Nomau ya nufi famfo ya wanke hannu tas, ya rufe famfon. Sai ya tuna ai ya taɓa famfo. Ya buɗe, ya wanke, ya rufe, ya sake tunawa. Can da azahar Malam Ilu ya same shi tsaye cikin caɓi, yatsunsa duk sun yamushe.

"Kai Nomau, me kake yi a nan tun safe?"

"Malam, so nake in gama, famfon ne ya ƙi bari."

Ranar tankin makaranta ya ƙafe, ruwan alwala ma sai a maƙwabta aka roƙo.

Wata rana kuma aka fito musu da madubin likita, wannan da ake leƙawa da ido ɗaya. Malam Ilu ya ce, "Duk abin da aka sa a ƙarƙashinsa, komai ƙanƙantarsa, girma yake yi." Da aka fita shan iska Nomau ya tsaya a baya. Ƙosai ne da shi a aljihu, guda ɗaya tak, ko ɗanwake ne? A'a, ƙosai ne, don na tuna maganar mai. Ya cusa shi ƙarƙashin madubin, ya murɗa, ya zauna yana jira. Malam ya dawo ya tarar gilashin ya sha man gyaɗa.

"Wane ɗan banza ne ya yi wannan?"

"Ni ne, Malam. Amma a gaya wa hukuma madubin nan ya lalace. Tun ɗazu nake jira, ƙosan yana nan yadda yake."

Wata rana aka kai su asibiti su ga aiki. Kafin a shiga wurin majinyata, Malam Ilu ya ce wa Nomau, "Zafi ke kashe ƙwayoyin cuta. Duk abin da zai taɓa jikin majinyaci, ka tafasa shi tukuna." Almakashi da ƙarafan wanke ciwo yake nufi. Nomau ya tafasa su. Ya tafasa ma'aunin zafin jiki har ya fashe, ya tafasa safar hannu ta narke ta zama ƙulli guda, ya jefa abin sauraren ƙirji na Malam a ciki. Sannan ya ɗora sabon ruwa, ya zo ya durƙusa da ladabi.

"Malam, ruwa ya tafasa. Saura hannunka."

Malam Ilu ya yi ta kallonsa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce, "Nomau, jarrabawar gwaji na nan tafe. In ka faɗi, ka koma ka taya uwarka dakan kalwa." Labari ya riga Nomau isa gida. Iya Kuluwa ta daina fita, sai aike take yi kasuwa.

Wata rana, cikin tsananin sanyi, jarrabawar ta zo. Aka ba kowane ɗalibi ɗan faranti mai murfi, da wani abu a ciki kamar daskararren kunu, abincin ƙwayoyin ke nan. Kowa ya goga auduga a tafin hannunsa, ya shafa a farantin, ya rufe ya liƙe. Malam Ilu ya ce, "Halittun nan ba sa hayayyafa da wuri sai sun sami ɗumi irin na jikin mutum. Gobe da safe, wanda farantinsa bai tsiro ba ya faɗi." Ɗalibai duk suka gane, suka jera nasu cikin akwatin ɗumi mai aiki da lantarki. Nomau kuwa jikin mutum ya ji an ce. Ya tafi gida, ya ɗauko majanyin da aka goye shi da shi, ya ɗaure farantin a gadon bayansa, ya mai da riga.

Ina zaure na ji Iya Kuluwa tana cewa, "Auta, me kake goye da shi?"

"Ƙwayoyin cuta ne, Iya."

"Cuta ka ɗauko mini har gida? Ni Kuluwa na shiga uku!"

"Ki rage murya, Iya, yanzu suka fara haihuwa."

Ya fita majalisa yana tafiya a hankali yana ɗan jijjiga su. Da ya faɗi abin da ke bayansa, mutane suka watse, mai shayi ma ya bar butarsa a wuta. A ruf da ciki ya kwana.

Da safe aka taru aka buɗe akwatin ɗumi, sai aka ji shi sanyi ƙalau. Ashe tun la'asar ɗin jiya aka ɗauke wuta, janareta kuma ba mai. Faranti bayan faranti, fes, ko ɗigo babu. Nomau ya tuɓe riga a gaban jama'a, ya kwance majanyi, ya miƙa nasa da hannu biyu. Ga su nan sun tsiro cunkus, farare da rawaya, ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero.

"Wa ya ce ka yi haka?" in ji Malam Ilu.

"Kai ne, Malam."

Malam ya ɗauki biro ya ba shi makinsa. A duk ajin Nomau kaɗai ya ci, sauran sai da suka sake. Kafin azahar Iya Kuluwa ta ɗaura sabon zane ta zaga kasuwa sau biyu ba ta sayi komai ba.

Amma da aka gama dubawa, Malam Ilu ya miƙa masa farantin ya ce, "To, kai su tukunyar tafasa a kashe su." Nomau ya tsaya, hawaye suka zubo.

"Malam, ni fa na goye su."

"Na ce ka kai su!"

Ya kai su, don bai taɓa ƙin umarni ba. Da yamma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna ya sunkuyar da kai. Ni da nake cin tuwon gidan, ya zan yi? Na je na durƙusa na ce masa, "Nomau, ya haƙuri?"

Ya share ido ya ce, "Da godiya. Yawansu ne ma ya fi taɓa ni."