Salansar da Na Zaɓa ta Waya

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Juma'ar da na buɗe baki na yi magana a gaban Baba da ƙaninsa ba, ni da ko tari ba na iya yi idan suna ƙofar gida.

Bari in fara da halina. Ni mayyar littattafan soyayya ce, irin waɗanda ake haya a kasuwa. A cikinsu saurayi ba ya zuwa haka kawai. Sai an ji dirin motarsa tun daga bakin layi, gaban budurwa ya faɗi, ta ruga wurin madubi. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da Habibu, malamin gona, mai sanyin halin da ko sallamarsa sai ka kasa kunne. Ba shi da mota. Abin hawansa wani babur ne mai ƙafa huɗu da ya saya na hannu, saboda rairayin hanyoyin gonakin da yake zagayawa tsakanin Sandamu da Zango. Idan zai zo zance ƙauyenmu, a bayan gari yake ajiye shi wurin abokinsa, ya ƙaraso da ƙafa. Sai dai kawai in ji an ce ana sallama da ni. (Ina dirin? Ina faɗuwar gaban?)

Wata rana ya kira ni daga wurin bakanike a Daura. Salansar babur ɗin ta yi tsatsa ta ɓule, dole a canja, kuma an kawo masa iri uku. Ta farko irin ta kamfani ce, mai nauyi, ba ta da hayaniya. Ta biyu mara nauyi, da 'yar murya kaɗan. Ta uku farin ƙarfe ce mai sheƙi, bakinta wangame, cikinta fayau babu abin da zai tare ƙara.

Na so in je in gani da idona, amma ina! Tun da aka kafa Shari'a ba a ganin budurwa a bayan babur ɗin saurayi a wajenmu, kuma ko Hisba ta kau da kai Baba ba zai kau da ba. Sai dabara ta zo mini. Na ce a ɗaura kowace, a tayar da injin, ya ɗauko mini sautin ya turo ta waya.

A ɗakin girki na saurara, na rage muryar wayar har ƙasa don kada Inna ta ji, na manna ta a kunne. Ta farko kamar kukan sauro. Ta biyu kamar injin markaɗe a wata unguwa. Ta uku kuwa wani gurnani ne mai zurfi, mai daɗi, wanda ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na lumshe ido, na hango kaina a bayan labule ina murmushi.

"Ta ukun nan," na ce.

"Ranki ya daɗe, bakaniken ya ce ta masu tsere ce fa. Kuma sai an sake saita kafireta, in ba haka ba duk sanda na saki totur za ta riƙa harbi."

"Harbi kamar yaya?"

"Kamar bindiga. Mai saitawar kuma ya tafi Kano."

"Habibu, in dai kana sona..."

Ban ma ƙarasa ba. (A littafi ba a ƙarasawa.) Sai ya ce, "To."

A makon ne Baba ya aika masa cewa ya zo ranar Juma'a bayan la'asar yana son ganinsa. Kowa ya san ma'anar wannan. In Baba ya gamsu, zai ce ya turo magabatansa. In bai gamsu ba, shi ke nan, Baba ba ya magana biyu. Ni kuma, da yake hankalina yana cikin littafi, na ƙara da roƙon cewa ranar nan kada ya ajiye babur a bayan gari, ya kawo shi har ƙofar gida, in ji zuwansa ko sau ɗaya.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne shanun Baba. Tun bayan kaka yake horar da wasu bijimai biyu don huɗar damina. Aikin lallami ne. Kullum da yamma a ɗaura musu karkiya, a ɗaure gungumen itace a baya su riƙa ja a filin ƙofar gida, Baffa Idi, ƙanin Baba, yana riƙe da igiyar hanci yana musu magana a hankali. Ko yara ba a bari su yi ihu a wurin.

Ni da Yaya Rabi, wadda ta zo wanka gida, muna bayan ƙofar zaure muna leƙe ta tsagar ƙyaure. Baba na kan tabarma da carbi. Bijiman na zagaye a natse.

Sai ƙasa ta fara rawa.

Wallahi da farko na ɗauka jirgin sama ne ya yi ƙasa ƙasa. Kaji suka watse. Yaya Rabi ta damƙi hannuna ta ce, "Innalillahi, mene ne wannan?" Ni kuwa na riga na gane. Gurnanin nan nawa ne, sai dai babu mai rage masa murya.

Habibu ya ɓullo daga kwanar masallaci cikin farar shadda da hula. Ya hango shanun, ya hango Baba, ya yi abin da duk mai ladabi zai yi: ya saki totur don ya tsaya nesa.

Tau! Tau! Tau!

Bijiman suka yi sama lokaci ɗaya. Na hagu ya ja gabas, na dama ya ja arewa, karkiya ta haɗa su suka nufi tsakiya, gungumen yana tsalle a bayansu. Baffa Idi ya ƙi sakin igiya. Na ga sun fizge shi ya faɗi rubda ciki, suna jan sa a rairayi, Baba yana ihu, "Saki, Idi! Saki!" Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya haka ba. Gungumen ya wuce ta gefen kan Baffa kaɗan, sannan Baffan ya saki igiyar. Shanun suka keta dangar maƙwabcinmu, suka bi ta kan randunan ruwansa, sai a gindin wani gawo karkiyar ta maƙale suka tsaya suna huci.

Baffa ya miƙe, rigarsa a yage, gwiwarsa na jini. Habibu ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa.

Baba bai zage shi ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro. A hankali ya ce, "Malam Habibu, an ce mini kai malamin gona ne. Ka san sa in ya firgita a cikin karkiya, ba ya sake yarda da ita da wuri?"

"Na sani, Baba."

"Ka sani. To wa ya ba ka shawarar ɗaura wannan bala'in?"

"Ni ne, Baba. Kuskurena ne."

Baba ya juya carbinsa. "Mutumin da bai iya shigowa gari da natsuwa ba, ban ga yadda zai riƙe gida ba. Tashi ka..."

"Baba, ni ce!"

Sai da maganar ta fita na san tawa ce. Yaya Rabi ta toshe bakinta da mayafi. Maƙwabta sun riga sun taru, liman ma yana nan, kowa ya juyo ya kalli ƙyauren.

"Wace ce a nan?"

"Ni ce, Baba. Ni na zaɓa. Ya ce mai ƙara ce, na matsa."

"Ke? A ina kika san salansa?"

"Ta waya na ji."

"To don me?"

Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Baba kuwa in ya yi tambaya sai an ba shi amsa.

"Don... don in riƙa jin zuwansa."

Wani ya yi tari. Baffa Idi, da jininsa da komai, ya dafa ƙugu ya ce, "To 'yata, kin ji. Mu ma mun ji. Mutanen Nijar ma sun ji."

Dariyar da ta ɓarke har cikin gidan maƙwabta. Na zame ƙasa na cusa kai tsakanin gwiwoyina, Yaya Rabi tana dukan bayana tana cewa, "Sannu, bakanikiya!" Baba kaɗai bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon Habibu, sannan ya ce, "Ka ɗauki laifin da ba naka kaɗai ba, ka rufa mata asiri. Wannan na gani. Amma namijin da ba ya iya ce wa mace a'a ko a kan salansa, shi ma na gani. Gobe da safe ka zo ka gyara dangar mutane. Daga nan kai za ka riƙe igiyar shanun nan kullum. Ranar da suka yarda da karkiya, ka turo manyanka."

Ya hana a tayar da babur ɗin. Tura shi aka yi har bayan gari, cikin rairayi, Habibu da shaddarsa.

Sai da ruwan farko ya sauka bijiman suka haƙura. An ɗaura aurenmu bayan girbi, kuma har yau Inna ba ta daina ce mini "mara kunyar zaure" ba.

Darasin da na koya ɗan kaɗan ne. Duk abin da sai kin ɓoye a ɗakin girki kafin ki saurare shi, kada ki ce a kawo shi ƙofar gidan ubanku.