Irin Waken Ƙande a Hannun Injiniya

"Kwana biyu rak!" in ji Mutari a kasuwar Bande, yana buga ƙirji. "Waken kowa sai ya kwana huɗu a ƙasa, nawa kwana biyu zai tsaga ta. Wanda ya musa ya zo ya gani."

Mai karatu, ya kamata ka san tushen wannan ilimi. Mutari ya taɓa halartar horon yini biyu a Magarya kan renon itatuwa, ya dawo da atestasiyo, wato takardar shaida, da kuma sunan Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa. A can ya ga an zuba wa irin bagaruwa ruwan zafi domin ɓawonsa mai tauri ya saki, tsiro ya sami hanya.

Matarsa Ƙande tana da irin wake tiya uku, jan wake mai saurin nuna da ta gada wurin uwarta, ta adana shi cikin toka tun kaka. Ranar sha takwas ga Yuni aka yi ruwan shuka, Injiniya ya ce a fito da shi.

"Malam, me tukunya take yi a nan?"

"Kimiyya ce, Ƙande. Bagaruwa ma, icen banza, an ba ta ruwan zafi, balle wake mai daraja. Ƙaro itace!"

"Wake fa danshin ƙasa ya ishe shi."

"Wa ya je Magarya, ni ko ke?"

Minti arba'in cif wake yana tafasa. Ya tsame, ya kai gona, ya shuka da ɗuminsa.

Rana ta farko zabin unguwa suka yi walima a gonar. Rana ta biyu tururuwa ta karɓi aiki, jama'a kuma suka zo ganin alkawari.

"Yana tattara ƙarfi ne," in ji Injiniya.

Rana ta huɗu waken maƙwabcinsa Adamu ya fito layi-layi, kowane tsiro ya lanƙwaso wuya yana ture ƙasa. Gonar Injiniya kuwa wari kaɗai ta fitar. Adamu ya tona rami guda, ya murza abin da ya samu, ya shafe yatsa a riga.

"Injiniya, wannan ko fate aka ce ya zama, ya wuce lokaci."

Ƙande ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye masa takalmansa a gabansa.

"Ragowar irin Inna tana wurin ƙanwata Hinda a Waca. Ƙasa na bushewa. Kada ka dawo hannu wofi."

Ya isa Waca da la'asar, labari kuwa ya riga shi da hantsi. Hinda ta tarbe shi a tsakar gida cike da mata, ta durƙusa da ladabi, ta saurari roƙonsa har ƙarshe. Sannan ta ɗauki tiya, ta nufi rumbu, ta tsaya, ta waiwayo.

"Yaya Injiniya, gafarta mini, na manta ban tambaya ba. Ɗanye za a auna maka, ko a ɗora?"