Hoton da Aka Kai wa Baba Asibiti

Wani mutum ne ya daɗe yana neman auren 'yar wani tsohon malamin kimiyya. Shekara biyu yana sintiri a ƙofar gidan, tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Shi tsohon abu guda ne a ransa: wani irin malam-buɗe-littafi mai baƙaƙen fukafukai da ɗigon shuɗi, wanda ba ya bayyana sai a farkon damina, ya yi kwana uku ya ɓace. Shekara talatin yana fakonsa a lambun bayan gida, bai taɓa samun hotonsa ba.

Saura kwanaki lokacin ya yi, tsohon ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu. Daga gadon asibiti ya sa aka kira masa manemin.

"Ga kyamarata. Ka zauna kusa da furannin gindin katanga. Ban da motsi, ban da tari. In ka kawo mini hotonsa, ka turo manyanka."

"Baba, ai ko da ransa kake so, zan kamo maka."

"Ka taɓa shi, ka taɓa aurenka."

Mutumin ya ɗauki umarnin da gaske fiye da kima. Ranar farko tururuwa suka mai da ƙafarsa hanya, bai motsa ba. Rana ta biyu wata maƙwabciya ta shigo shanya, ta rataya masa jiƙaƙƙen tawul a kafaɗa, ta dawo da la'asar ta kwashe abinta. Rana ta uku da hantsi sai ga baƙon mai baƙaƙen fukafukai. Ya zaga furannin ɗaya bayan ɗaya, ya raina su duka, ya zo ya sauka a kan hancin mutumin, inda gumi ya taru.

'Yar tsohon ta leƙo ta taga, ta ce a hankali, "Ga shi nan! Ɗauka mana!"

Ya amsa ta tsakanin haƙora, "Ta ina?"

"Juyo da kyamarar, bawan Allah!"

Ya juyo da ita, idanunsa biyu sun haɗu a kan hanci, ya danna. Ƙarar ta tashi malam-buɗe-littafin, ya haye katanga, sai baɗi.

Da gudu ya isa shagon mai hoto. "Maigida, aurena yana kan hoton nan. Ka fito da shi babba, ka yi aikin da ba ka taɓa yi ba."

Mai hoton, wanda ya tsufa yana gyara fuskokin angwaye, ya dubi hoton ya girgiza kai. "Da wannan za ka je gidan surukai? Bar mini. Dawo gobe."

Washegari ya karɓi hoton a naɗe cikin takarda, bai ko buɗe ba. A hanya ya duba na cikin kyamarar, ya ga kansa da harara-garke da baki a karkace. Ya ce a ransa, tunda ga babba a hannu, me zai sa a bar wannan abin kunya? Ya goge shi.

A asibiti tsohon ya sa aka tallafe shi ya zauna, ya goge tabarau, ya kira masu jinyar gadajen kusa su zo su shaida. Sannan ya warware takardar.

Fuska ce sumul kamar ta jariri. An daidaita idanu, an cike giɓi, har kwat aka sa masa. Hanci kuwa tas, sai ƙyalli.

"Ina yake?"

Mutumin ya leƙa. Ya buga wa mai hoton waya, kowa na ji.

"Wanne? Ƙwaron nan? Ai awa biyu na yi ina kankare shi daga hancinka. Ko godiya ba ka yi ba."

Tsohon ya miƙa hannu. "Ba ni kyamarar. Na asalin yana ciki."

"Baba, na goge. Ban yi kyau a ciki ba." Sai ya ƙara da ƙaramar murya, "Amma wannan ai na fito, ko?"

Tsohon ya cire tabarau, ya naɗe, ya koma ya kwanta.

"Shekara talatin ina jiran abin da ba a cika gani ba, ka kawo mini abin da na gaji da gani."