Lagireton da Na Rage wa Tsawo

Duk direban da ya taɓa ɗauko albasa daga Shinkafi ya san hannuna a gyaran lagireto. Shi ya sa ranar da ɗana Sanusi ya dawo Ƙaura da kayan haɗa kwamfuta mai sanyaya da ruwa, na gyara zama. Da ita zai riƙa tace bidiyon tafsirin azumi, sana'ar da ya daɗe yana buri.

Lagireton da ya sayo ya fi akwatin kwamfutar tsawo da kusan taƙi guda.

"Baba, bar shi, akwatin za mu canja," in ji shi. "Injin ga zafi gare shi, sai dogon lagireto."

Na ce, "Ni da na sanyaya tirela cikin bazara, wanga ɗan abu zai gagare ni?"

Yana fita la'asar na ɗauko zarto na rage shi, na liƙe bakin da dalma. Ya shige cif. Har maƙwabta na kira su gani.

Sanusi ya dawo, ya duba, kunyar uba ta hana shi magana. Ana tsakiyar azumi ruwan ya ɗau zafi, liƙin ya buɗe, ruwan ya zube cikin kwamfutar, komai ya ƙone. Bayan Salla ya tafi Kano zaman shagon wani, can yake har yau. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, abin da ke cina ke nan.

Direbobi kam ba su da wannan kunyar. In na ratsa tasha sai wani ya ɗaga murya: "Baba Mai Zarto, motata ta ƙi shiga gareji, a rage ta?"